Mijin cikin littafi ya sa na fara raina mijina

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Garwa, shekarata 28, 'ya'yana biyu, ina ɗinki a gida. Bara wata ƙawata ta saka ni a wani zauren WhatsApp na karatun littattafan Hausa. Mun kusa ɗari biyu, daga Garwa, Marwa, Ngaundare, Kusiri da Injamena, har da 'yan Mubi da Yola. Irin littattafan nan ne da ake rubuta wa "na matan aure ne" a sama. Wanda muka gama kwanan nan, jarumin wani miskilin mai kuɗi ne, ba ya dariya, ba ya roƙo, sai umarni. Ya hana matar fita, ya ƙwace wayarta, ko a shimfiɗa sai abin da ya ce, har da horo in ta saɓa. Ita kuma tun tana kuka har ta koma ba ta iya barci sai ta ji muryarsa. Da aka gama littafin sai zaure ya kacame. Wasu suka ce batsa ce zalla, marubuciyar ta ji tsoron Allah. Wasu suka ce ilimin zaman aure ne. Wasu kuma suka ce wallahi wannan shi ne namiji. Ni ban tofa ba, don gaskiya littafin ya tafi da ni, sau biyu na karanta shi. Mijina malamin firamare ne, mutum mai sanyi, komai sai ya ce "me kika gani?" Da alfahari nake da hakan, yanzu haushi yake ba ni. Ran nan har na ce masa, "Kai ba ka iya tsawa ba ne?" Ya dube ni ya yi shiru. Gwaggo, ciwo ne da ni? Zunubi nake kwasa? In gaya masa? Sannan ƙanwarsa 'yar shekara 15 da ke hannuna, na kama ta da wayata tana karantawa.

Wata baiwar Allah, daga Garwa

Wa alaikumus salam, 'yata.

Kwantar da hankalinki tukuna. Ba ciwo ne da ke ba, kuma ba aljani ne ya shafe ki ba. Wannan miskilin da ya tafi da ke, na san shi tun kafin a haife ki. Muna lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa, ƙananan littattafan soyayya na Harlequin na Faransanci muke karɓa-karɓa a ƙarƙashin tebur, bangonsu duk ya yage saboda yawan hannu. A cikinsu ma shi ne: dogo, mai kuɗi, mai ɗaure fuska, wanda ba ya neman izini. Daga baya 'yan kasuwa masu zuwa Kano suka riƙa shigo mana da littattafan soyayya na Hausa ta Mubi da Yola, sai ga shi nan kuma ya sa babbar riga. Waɗancan dai da kunyarsu, in an kai amarya ɗaki sai marubuciya ta ja labule ta ce "asuba ta gari". Duk da haka ba su tsira ba. A 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta tara littattafan da aka ƙwace a hannun 'yan makaranta ta cinna musu wuta a bainar jama'a, kuma tun 2001 akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i a jihar. Da rubutu ya koma cikin waya, sai ya zama babu hukumar da ke tsaye a ƙofa, labulen nan ma aka yaye shi. Turawa su ma haka: wani littafin Ingilishi mai irin wannan jigo da ya fito a 2011 ya sayar da kwafi sama da miliyan 100, aka fassara shi zuwa Faransanci, aka yi fim ɗinsa a 2015, kuma mafi yawan masu saye mata ne, da yawansu da aurensu. Kin ga kenan ba ke kaɗai ba ce a wannan kwale-kwale.

Amma yawan mutane a kwale-kwale ba ya hana shi kifewa a Binuwai. Bari mu bi maganganun 'yan zaurenku.

Masu cewa batsa ce, suna da gaskiya a kan shafukan da suke nufi, kuma ke ma kin san shafukan. Zan dawo kansu. Masu cewa ilimin zaman aure ne kuwa dariya suka ba ni. Wane ilimi? Na yi shekaru ina aikin unguwarzoma, kuma na karanta irin waɗannan shafuka don in san abin da 'ya'yanmu ke haɗiya. Rabin abin da ake kwatantawa jikin ɗan Adam ba ya yin sa a haka. Daren farkon da ake rubutawa, amarya ta suma, a kira likita, a yi ɗinki, ango yana murmushin jin kai namiji, mu a asibiti rauni muke kiran wannan. Na ga 'yan mata sun shiga ɗakin miji jikinsu na ɓari saboda abin da suka karanta, na kuma ji labarin samarin da suka ɗauka sai an yi kuka ake zama gwarzo. Mai son ilimin zaman aure ta nemi malamar Islamiyya mai sakin fuska, ko unguwarzomar da ta yarda da ita, ta yi tambaya ba kunya.

Kashi na uku su ne suka tsaya min a rai, masu rantsuwa cewa wannan shi ne namiji. A nan nake so ki zauna da ni kaɗan.

Wa ya ƙirƙiri jarumin nan? Mace ce, mai yiwuwa tana zaune a kan tabarma da goyo a baya, tana danna waya da babban yatsa. Ita ta ba shi kuɗi, ita ta ba shi tsawo da ƙamshin turare, ita ta sa masa kowace kalma a baki. In ya ɗaga hannu, ita ta auna inda zai sauka. Kuma tun shafin farko akwai alkawari tsakaninta da ku, ko ba a furta ba: wannan mutumin zai durƙusa. Zai yi kuka a asibiti, zai wanke mata ƙafa, zai kori tsohuwar budurwarsa, zai saya mata gida a Dubai. Da ba ki da tabbacin haka, da ba ki biya kuɗin ci gaba ba. Kina karanta tsawarsa hankalinki kwance, saboda kin san ƙarshensa. Ga shi kuma linzami a hannunki yake. In abin ya yi miki zafi ki tsallake shafi. In yaro ya yi kuka ki kife wayar, miskilin ya daskare a inda yake da hannu a sama har ki gama ba da nono. A duk labarin nan na mai iko da mai biyayya, wadda ta fi kowa iko ita ce mai riƙe da waya.

Kar ki manta kuma sana'a ce. Ana sakin shafukan kyauta har a kai daidai inda numfashi ke tsayawa, sai a ce mai son ci gaba ta tura kuɗi, 'yan Najeriya ta banki, ku na nan ta Orange Money ko MoMo. Marubuciya tana karanta sharhinku kullum. In ta ga shafin da jarumi ya yi horo ya fi tara sharhi, gobe za ta ƙara barkono. Ban zarge ta da neman abinci ba, amma ki san cewa mutumin da kike auna mijinki da shi, da sharhinku aka ɗinka shi, kamar yadda kike ɗinka riga daidai jikin mai ita.

Na gaskiyan fa, ba shi da marubuciya. Wata rana da dare, lokacin ina aiki a wani asibiti, aka kawo min wata yarinya mai ciki wata bakwai, ba ta wuce shekara ashirin ba. Awon ciki aka ce. Ina yi mata magana ta ɓangaren hagu sai na ga tana juyo min da kunnen dama. Na ɗaga mayafinta, jini ya bushe a cikin kunnen, shatin yatsu huɗu a kumatu. Na ce me ya same ki? Ta ce ƙofa ce. Mijin yana tsaye a bakin ɗaki cikin shadda mai maiƙo, makullin mota a hannu, kyakkyawa, ba ya dariya. Wallahi da a littafi ne, da shi ne jarumi. Wayarta tana aljihunsa, na gani da idona lokacin da ta yi ƙara ya ciro ya duba ya mayar. Da na ce ya ba mu wuri, sai ya dube ta kawai, ita kuma ta ce min, "A'a, ya zauna." Ba ta sake dawowa awo a wajena ba. Har yau in na ji mace ta ce tana son namiji mai zafi, kunnen nan nake gani.

Mu a arewacin Kamaru ba ma buƙatar a ba mu labarin wannan. 'Yar Marwa, Djaïli Amadou Amal, ta rubuta shi a littafinta Les Impatientes, wanda ya ci kyautar Goncourt ta 'yan lise a Faransa a 2020: auren dole, duka, da kalmar nan ta Fulatanci da ake cusa wa kowace amarya a kunne, munyal, haƙuri. Duka da kulle da tsawar da ke cikin littafinku suna cikin nata, sai dai ita ba ta fesa musu turare ba. Tunda kin yi makaranta, ki neme shi ki karanta, ki ji yadda labari guda yake sauya ɗanɗano in an cire alkawarin nan na durƙusawa.

Abin da zai ba ki mamaki, hatta Turawan da suka mayar da wannan wasa na mai iko da mai biyayya al'adarsu, sun soki wancan shahararren littafi. Hujjarsu ita ce, a wajensu sai an zauna an yi yarjejeniya tun kafin a fara, an faɗi abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba, an kuma ajiye wata kalma wadda da zarar ɗaya ya furta ta komai ya tsaya. Ban kawo miki wannan don ki kwaikwaye su ba. Na kawo ne don ki ga cewa ko masu abin sun san ƙwace waya da hana zuwa gaida uwa zalunci ne tsagwaronsa.

To me ya ja ki? Ni ban yarda mari kike sha'awa ba. Sake duba jarumin. Yana da kamfanoni goma, amma ba shi da aikin yi sai ita. Ya san kalar kayan da ta sa, ya lura ba ta ci abinci ba, wani ya kalle ta ya hana kansa barci. Sannan ita ba ta yanke shawarar komai. Ba ta tunanin cefane, ba ta lissafin kuɗin makaranta. Ke kuma fa? Kin tashi tun asuba, kin shirya yara, kin hau keke, mai atamfa ta zo tana faɗa an ƙara mata tsawon hannu, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ga zafin Garwa na watan Afrilu da ko kwano ba ya taɓuwa. Tun safe ke ce mai cewa a yi kaza, a bar kaza. Da dare bawan Allah ya shigo da kyakkyawar niyya ya ce, "Me kika gani?" Shi girmamawa yake nufi. Ke kuma a kunnenki wani tulun ne aka ƙara miki a ka. Abin da zuciyarki ke nema shi ne a ce yau ɗaya wani ya ɗauke miki tunani, ya ce tashi, na gama shirya komai, kuma ki ga a idonsa cewa ke yake so, ba abincinki ko tarbiyyar 'ya'yanki ba. Wannan buƙata halal ce, kuma mijinki zai iya biya miki ita ba tare da ya koyi tsawa ba.

Maganar zunubi. Abin da ya ɗarsu a zuciya, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'ummar Annabi (SAW) abin da zukatansu suka raya, matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Saboda haka daina yi wa kanki kallon lalatacciya don wani tunani ya gifta. Amma sa kuɗi da mega a sayi shafin da ke siffanta tsiraici dalla-dalla, a zauna a karanta, a maimaita, wannan ya fita daga raye-rayen zuciya ya zama aiki, kuma ban san malamin da zai ce miki babu komai ba. Rubuta "na matan aure ne" a sama ba ya halatta shi. Ni ra'ayina, ki bar masu irin waɗannan shafuka. Ban ce ki bar karatu ba. Akwai marubuta mata da yawa masu iya saƙa labarin soyayya ya riƙe ki har asuba ba tare da sun tuɓe kowa ba. Kuma ba sai an kai ga fatawa ba, kin riga kin ga alamar da kanki: abin da ya sa kika dubi mutumin da bai taɓa ɗaga miki murya ba kika ji haushinsa, ya riga ya ci miki wani abu.

Zai yi wuya ki bari kina cikin zauren, don kullum da magariba za ki ga an turo sabon shafi. Ki fita, ko ki kashe sanarwarsa na wata ɗaya ki ga yadda za ki ji. Kwana uku na farko hannunki zai riƙa kai kansa wajen wayar. Zai wuce.

Shi kuma maigidan, akwai bashin da yake bin ki. Kalmar nan "ba ka iya tsawa ba ne?" ta shige shi, shirun da ya yi ba na rashin ji ba ne. Mutumin da ke tsayawa gaban yara sittin ko fiye a aji kullum, kina tsammanin bai iya tsawa ba? Ya iya. Ajiye ta yake a bakin ƙofa kafin ya shigo miki. Ki ba shi haƙuri a kan wannan kalma, a fili, ba ta hanyar dafa masa abin da yake so kawai ba.

In gaya masa? Kar ki miƙa masa littafin, kar kuma ki ba shi labarin jarumin. Babu namijin da zai ji ana kwatanta shi da wani, ko da na takarda ne, ya ji daɗi. Ko dai ya ji an raina shi ya ƙara janyewa, ko ya ce to bari in gwada zafin, ya ɗauko abin da ba zai iya saukewa ba. Ki gaya masa abin da kike so da sunansa. Bayan yara sun yi barci, kuna shan iska a tsakar gida, ki ce, "Malam, wani lokaci na fi so ka yanke kawai, in ji ni a hannunka nake." Ki ce ranar Lahadi shi zai zaɓi inda za ku, kar ya tambaye ki, ko bakin gada ne ku ci gasasshen kifi ku dawo. Ki ce kina so ki ji ya neme ki da zumuɗi. Irin mijinki sau da yawa kunya ce da gudun takura miki suke sa shi taka-tsantsan, yana jiran izinin da ba ki san ana jira ba. Abin da ke tsakanin miji da mata a bayan ƙofa kuwa fili ne mai faɗi. Alƙur'ani ya kira ku tufafin juna a Suratul Baƙara, aya ta 187. Iyakokin da shari'a ta sa 'yan kaɗan ne kuma kin san su tun Islamiyya. Bayan su, wasa da zolaya da wa zai ja gaba yau, duk naku ne, muddin ku biyu kuna so, babu cuta, kuma wanda ya ce a tsaya an tsaya. Sai dai abin da kuka yi ya mutu a ɗakin. Kar ki kai shi zaure a matsayin sharhi, don hadisi a Muslim ya yi kakkausan gargaɗi a kan yaɗa sirrin shimfiɗa.

Kar ki sa ran zai sauya a dare ɗaya. Zai iya yin dariya don kunya, zai iya cewa "to, me kika gani?" a kan wannan ma. In ya faɗa, ki yi dariyar tare da shi.

Saura ƙanwar mijinki, kuma ita ta fi gaggawa. Ke kin karanta wannan littafi da shekara 28 da miji mai mutunci a gefenki, ya kuma iya girgiza ki. Ita shekararta 15, ba ta da wani namiji da za ta auna jarumin da shi. In ta haɗiye cewa kishi mai hana fita shi ne so, ranar da wani ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ko wani mai shago ya fara bincika wayarta yana yi mata tsawa, za ta ce ta samu irin na littafi. Ki sa wa wayarki makulli yau, ki goge abin da kika adana. Kar ki dake ta, kar ki kai ƙararta wajen yayanta, don laifin wayarki ne kafin nata, kuma duka zai sa ta koma karantawa a wayar ƙawaye inda ba ki gani. Ki kira ta kuna ɗinki, hannu na aiki ido ba ya haɗuwa, ki ce kin san ta gani, ke ma kin yi kuskuren ajiye shi. Ki tambaye ta yadda ta ga mutumin. Ki bar ta ta yi magana. Sannan ki tambaye ta, da yayanta ne yake yi miki haka a gidan nan tana kallo, za ta kira shi so?

Abu na ƙarshe. A cikin masu rantsuwa cewa wannan shi ne namiji, yawancinsu baki ne kawai, ana raha. Amma a zaure mai mata ɗari biyu, ina tsoron akwai wadda ba raha take ba, wadda ke neman littafi ya gaya mata cewa abin da ake yi mata a gida so ne, kuma wata rana zai durƙusa. In akwai wadda kika sani a cikinsu, wadda kika lura ta daina zuwa biki, ko kullum wayarta na hannun miji, ki bi ta ta gefe kafin ki fita daga zauren. Kar ki yi mata wa'azi, ki tambayi lafiyarta kawai, ki sake tambaya bayan sati. In ta buɗe baki, a Marwa akwai ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata, wadda Aissa Doumara ta yi suna da aikinta har aka ba ta kyautar Simone Veil a 2019. A nan Garwa kuma akwai ofishin ma'aikatar kula da mata da iyali. Ki raka ta da ƙafarki in ta yarda, ko ku ce kasuwa za ku sayen zare.